Yadda Malam Tamkar Ya Ceci Shaguna Huɗu Cikin Biyar

Shaguna biyar ne a jere ƙarƙashin baranda ɗaya ta kwano, kowanne da ginshiƙin katako a ƙofarsa. Na farko na tela ne, na biyu na mai aski, sai na wani dattijo mai gyaran agogo, sai na Anti mai turare. Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne girma don har da ɗaki a bayansa, na mai feshin maganin ƙwari ne, mutumin da unguwa ta daɗe da ajiye sunansa na gaskiya ta koma kiran sa Malam Tamkar.

Shi ya jawo wa kansa sunan. Bai iya cewa ana zafi ba, sai dai ya ce gari ya yi tamkar cikin tanderu. Bai iya cewa ya gaji ba, sai ya nemo wata dabba ya ɗora mata gajiyar. Wani baƙo ya taɓa tsayar da shi yana tambayar hanyar asibiti. An ce baƙon ya tafi da misalai uku masu kyau, sai dai ba a ji labarin isarsa ba.

Tun ranar da ya ji wani malami a rediyo ya ambaci "adon harshe" ya gane cewa baiwar da yake fama da ita tana da suna. Daga nan ya kafa mata ƙa'ida, yana karanta wa duk wanda tsautsayi ya zaunar a bencinsa.

"Magana kai tsaye ta cinikin gishiri ce," in ji shi. "In kana so mutum ya fahimta, ka ɗauko abin da ya sani ka jingina shi da abin da bai sani ba. Shi ke nan ya gani da idonsa."

Ƙa'idar ba ta da laifi. Inda aka samu 'yar matsala shi ne, abin da Malam Tamkar ya sani a duniya ƙwari ne, kuma yana ganin girmansu irin yadda tsohon soja ke ganin girman abokin gaba. A wurinsa, a ce da mutum kyankyaso yabo ne, don bai taɓa ganin halitta mai juriyarsa ba.

Ginin na wata tsohuwa ne da kowa ke kira Iya. Ita ta ba shi babban shagon da sharaɗin ya riƙa feshe katakon ginin don gudun gara. Yana fesawa kuwa tsakani da Allah: na tela, na mai aski, na mai agogo, na Anti. Nasa ginshiƙin ne kawai yake tsallakewa, saboda a ganinsa sunansa ya ishe shi magani.

Wata safiya mai aski, wanda labari ke riga zuwa kujerarsa kafin ya isa kunnen masu shi, ya tara su a shagon tela. Ɗan Iya, likitan haƙori, ya dawo gari. Yana so a rushe shagunan nan gaba ɗaya a gina masa asibiti. Iya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce za ta zo da kanta ta zauna da masu haya ta ji ta bakinsu, sannan ta yanke.

Tela ya cire ƙafa daga kan keke. Anti ta zauna a kan tulin yadi ba tare da ta nemi izini ba.

"To, mu gaya mata gaskiya mana," in ji mai agogo a hankali, yadda yake komai. "A nan muke ci, ba mu da wani wurin, kuma ba mu taɓa ɓata mata ba."

"Baba," in ji Malam Tamkar, "wannan ai gaisuwar mara lafiya ce, ba jawabi ba. Kana gama faɗin ta za a kira masu gatari. Ku bar min aikin nan. Zuciyar tsohuwa tamkar gidan tururuwa ce, ba ta ƙofa ake shiga ba."

"Ta ina ake shiga?" in ji Anti.

"Sirrin sana'a ne."

Da a ce akwai wani mai iya magana, da ba a ba shi aikin ba. Amma tela in ya ga babba harshensa ɗinkewa yake yi. Mai aski bai saba magana da fuskar mutum ba, sai ƙeya. Anti ta taɓa sayar wa Iya turaren da ya sa ta atishawa har aka kira ɗanta a waya. Mai agogo kuwa kafin ya kai ƙarshen jimla an tashi taro. Haka aka wayi gari makomar shaguna biyar tana bakin Malam Tamkar.

Shirinsa hawa biyu ne. Na farko, zai ƙawata kowane shago da kalami mai jan masu saye, yadda in Iya ta zo za ta tarar da layin nan yana tafasa. Na biyu, jawabin da zai sa ita da ɗanta hawaye.

Da mai aski ya fara. Ya samo allo da fenti ya rubuta da manyan baƙaƙe: ASKINMU TAMKAR FARI A GONA, BA MA BARIN KO KARA.

Saurayi na farko da ya zo, mai sumar da ya yi watanni yana tattali, ya tsaya ya karanta, ya dafe kansa da hannu biyu, ya tuna ashe an aike shi. Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Da rana ta take, mai aski ya fito da almakashi a hannu.

"Malam, mutum ɗaya ya shigo min tun safe. Shi ma mai sanƙo ne, ya ce ya zo ya ga wanda ya yi masa haka."

"Ba su gane ba ne. Sauri nake nufi, da haɗin kai. Ka taɓa ganin fari suna aiki? Babu mai lalaci a cikinsu."

"Kai ka rubuta sauri, su sun karanta ɓarna."

"To laifin makarantun yanzu ne."

Na Anti ya fi ɗaukar masa lokaci, don ya ce harkar mata tana son taushi. Abin da ya fi burge shi a turarenta shi ne daɗewa, shi kuwa abu ɗaya ya sani mai daɗewa haka. Ya rubuta: TURARENMU TAMKAR FESHI, SHAFAWA ƊAYA WATA UKU BA ABIN DA ZAI RAƁE KI.

Wannan allon ya jawo jama'a, ba za a ƙi faɗa ba. Mata suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hotonsa da waya. Wata ta shigo da gaske ta ce a ba ta na ɓera. Wata kuma ta yi ƙasa da murya ta tambaya ko yana aiki a kan dangin miji.

"Kin ga?" in ji Malam Tamkar. "An fara shigowa."

"An fara," in ji Anti. "Amarya biyu sun fasa odar da suka ba ni. Ɗaya ta ce ita so take a raɓe ta."

Tela ya ga abin da ya samu maƙwabta ya rantse ba mai kafa masa allo. Malam Tamkar bai ji haushi ba, ya ce irin aikin tela da baki ake tallarsa. Ya dace kuwa, a ranar wani shugaban makaranta, mutum mai jiki da kwarjini, ya zo gwada sabuwar riga. Yana tsaye gaban madubi yana juyawa, sai ga Malam Tamkar a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ɗinki ba ne, ƙauna ce. Rigar nan ta kama ka tamkar kaska a kunnen…"

Ya tsaya. Ya hango inda jimlar ta dosa, amma ta riga ta yi nisa.

"A kunnen me?" in ji shugaban makaranta, cikin muryar da yake tambayar yara wanda ya fasa taga.

"Na wata dabba mai aminci, ranka ya daɗe."

"Ni ne kunnen, ko ni ne mai kunnen?"

"Ai misali ne."

"Na sani. Darasin nake koyarwa."

Ya cire rigar, ya ninke ta da kyau, ya miƙa wa tela, ya ce a buɗa ta ta kowane gefe har sai ta daina kama da komai. Yadda tela ya riƙe almakashi ya sa Malam Tamkar ya tuna yana da aiki a shago.

Mai agogo kaɗai ya tsira, don ya ce shi masu zuwa wurinsa ba sa karanta allo, idonsu ya riga ya tafi. Sai dai ya kira Malam Tamkar gefe ya nuna masa wani gari-gari ja da ya taru a gindin ginshiƙi na biyar.

"Ɗan nan, kunnena ya saba da ƙaramin motsi. Akwai masu aiki a cikin katakon nan naka, kuma ba sa tashi cin abinci."

Malam Tamkar ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gara a ƙofata? Baba, tamkar ɓera ya kama haya a gidan kyanwa ke nan. Gara ta san ni. In na wuce, 'ya'yanta take ɓoyewa."

Ya share garin da ƙafa. Da yamma ya ɗauko ragowar fenti ya shafe ginshiƙan biyar da shuɗi don su yi kyan gani. Nasa ya yi masa shafi biyu, saboda ya lura yana shan fenti fiye da sauran, abin da ya ɗauka alamar ingancin katako ce.

Ana gobe Iya za ta zo, ya tsaya tsakar ɗaki yana gwada jawabi, matarsa na goge masa babbar riga. Mace ce da ta daɗe da gano cewa gardama da shi ɓata yawu ne, tambaya ta fi saurin kayar da shi.

"Saurara ki ji mabuɗin, Maman yara. Iya, ke a wurinmu tamkar sarauniyar gara ce. Kina kwance a ɗaki, kina ƙiba, dubbai suna yi miki aiki."

Ta ajiye dutsen guga. "Maimaita min tsakiyar."

"Kina kwance a ɗaki, kina…" Ya sosa ƙeya. "Ai a wurin gara wannan babban muƙami ne."

"Iya gara ce?"

"A'a."

"To ita da kunnen mutane za ta ji. Baban yara, kai in ka ɗauko abu don kansa, mantawa kake yana da jela. Mutane kuwa jelar suke fara gani. Ka tuna abin da ka ce min lokacin da kake nema na?"

Fuskarsa ta washe. "Na ce kin shiga zuciyata tamkar kuɗin cizo a katifa, ba fita."

"To duk da haka na aure ka, ba saboda haka ba. Iya kuma ba son ka take yi ba."

Ya zauna a bakin gado ya yi tagumi. Ba a ɗauki lokaci ba ya miƙe zumbur, idonsa na ƙyalli, irin ƙyallin da matarsa ta saba gani kafin a yi asara.

"Kin yi gaskiya, na bar ƙwari. Ai ni na kafa ƙa'idar: ka ɗauko abin da mutum ya sani. Wa ke son rushe mu? Likitan haƙori. To da haƙori zan kama shi. A cikin gidansa zan ɗaure shi."

"Me ka sani game da haƙori?"

"Ga su cike da bakina."

"Ban da wanda ka buɗe kwalba da shi."

"Wannan ya mutu a bakin aiki."

Ta ci gaba da guga. Ta yi wa wuyan rigar kari mai kyau, don a ganinta in mutum zai faɗi, gara ya faɗi da tsafta.

Washegari da hantsi mota ta tsaya. Likita ya fito, matashi mai tabarau da fararen haƙoran da ke sa mutum ya rufe bakinsa. Ya buɗe wa Iya ƙofa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai sandar ƙarfe da idanun da ba sa barin canji. Ta dubi kujerun roba da aka jera, ta ce ita waccan take so, ta nuna kujerar mai aski. Aka fito mata da ita baranda. Ta hau, ta gano tana juyawa, ta gwada hagu, ta gwada dama, ta nuna alamar zaman zai yi mata daɗi.

Layin kuwa ya cika, kamar yadda Malam Tamkar ya yi alkawari. Labarin allunan ya zaga unguwa, kuma duk wanda ya ji cewa marubucinsu zai yi jawabi da baki ya bar abin da yake yi. Direbobi daga tasha, masu talla, har shugaban makaranta ya zo ya tsaya a baya ya harɗe hannu. Matar Malam Tamkar ta samu wuri kusa da Anti, nesa da ginshiƙai.

Malam Tamkar ya gyara hula, ya baza hannun riga.

"Iya, Allah ya ƙara girma. Ke a wurinmu tamkar uwa ce, mu kuma 'ya'yan da ke bayanki."

"Madalla," in ji Iya. "Shekara nawa kuna bayan nawa?"

"Sun kai ashirin, Iya."

"Ashe yaye ya wuce lokaci."

Aka yi dariya. Tela ya runtse ido. Malam Tamkar ya murmusa, irin na wanda ya bar abokin kokawa ya fara taɓa shi don a ji daɗin kallo.

"A bar uwa. Ginin nan tamkar babbar bishiya ce, mu ne tsuntsayen da ke kanta muna waƙa."

"Na taɓa ajiye mota a ƙarƙashin irin wannan bishiyar," in ji Likita cikin ladabi. "Ba waƙa na tarar a gilashi ba."

Direbobi suka tafa, don wannan sun san shi. Iya ta juya kujera ta dubi ɗanta, ta juyo ta dubi mai jawabi, kamar mai kallon ƙwallo.

Malam Tamkar ya ga lokaci ya yi. Ya matsa gaban Likita, ya sassauta murya.

"Likita, bari in yi maka magana da yarenka. Ginin nan tamkar turmin haƙori ne, na can ciki. Tsoho ne, ban musa ba. Ba shi da kyan gani, in an yi murmushi ba shi ake nunawa ba. Amma shi yake tauna wa gida abinci. Ranar da aka cire shi, ranar na gaba masu ƙyalli za su san wa ke yi musu aiki."

Mai agogo ya gyaɗa kai. Shugaban makaranta ya warware hannunsa. Iya ta daina juya kujera, Likita kuma ya cire tabarau yana gogewa ba don sun yi datti ba. Magana ce mai kyau, kuma kowa ya ji kyanta, har da mai ita, wanda ya fi kowa mamaki.

Da Malam Tamkar ya nemi wuri ya zauna a nan, da labarin ya ƙare. Matarsa ma ta yi masa alama da hannu. Shi kuwa ya ɗauka cewa take ya ƙara.

"Ba a nan ya tsaya ba. Titin nan shi ne harshe. Kwatar nan ita ce dasashi. Mu kuwa da muke zaune a cikin haƙorin, mu ne…"

"Ku ne me?" in ji Likita, ya mayar da tabarau. "Ina so in ji, don na san abubuwan da ke zama a cikin haƙori."

Malam Tamkar ya duba cikin haƙorin a zuci. Abin da ya fara gani tsutsa ce, ya kauce. Na biyu guntun nama ne.

"Ni dai ba na cikin haƙorin kowa," in ji Anti.

"Jijiya," in ji Malam Tamkar. "Mu ne jijiya."

"Mai sa zogi ke nan," in ji Likita.

"Ashe ku ne," in ji Iya. "Na yi ta zargin shayi."

"Lafiyayyen haƙori ba ya zogi, Iya. Wannan kuwa garau yake. Ni ne mai kula da shi, ko tsinke bai taɓa shiga ba."

"Duk wanda ya hau kujerata haka yake cewa," in ji Likita. "Ba na gardama da su. Ɗan ƙarfe nake ɗauka in ƙwanƙwasa, haƙorin ya faɗa da kansa."

"A ƙwanƙwasa mana. Iya, ara min sandarki."

Ta miƙa masa da saurin da ya kamata ya ba shi tsoro.

Ya nufi ginshiƙin tela ya buga. Katako ya amsa da ƙarfi, ƙwal. "Kun ji? Tamkar ƙashin raƙumi." Ya buga na mai aski, ƙwal. Na mai agogo, ƙwal. Na Anti, ƙwal. Jama'a suka fara ƙirga masa, yana tafe yana juya sanda, riga na kaɗawa. Likita ya bi shi a baya yana kasa kunne, fuskarsa na ɗan sauyawa, don mutum ne da ba ya iya yi wa sauti ƙarya.

Suka iso na biyar, mai shafi biyu, wanda ya fi kowanne sheƙi. Mai agogo ya ɗauki kujerarsa ya koma can gefen titi.

"Wannan kuwa nawa ne," in ji Malam Tamkar. "Sauran na taɓa su da tausayi. Wannan ku matsa ku ji yadda sarkin haƙora yake magana."

Ya naɗe hannun riga, ya riƙe sanda da hannu biyu, ya kai mata duka iya ƙarfinsa.

Sandar ba ta yi ƙara ba. Shiga ta yi.

Ya tsaya yana kallon ta, rabinta a cikin katako. Ya yi murmushi ga jama'a, ya ja a hankali. Ba ta fito ba. Ya sa ƙafa ya dafe ginshiƙin ya fizga, sai ƙafar ma ta shiga. A nan ne aka gane cewa tun ranar da aka shafa shi fenti ne yake riƙe da wannan ɓangare na ginin, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa.

Ginshiƙin ya durƙusa. Kwanon baranda ya sunkuyo a hankali, kamar mai gaishe da Iya, ya sauke wa Malam Tamkar duk abin da ya tara na shekaru: jar ƙasa, tsohon gidan tsuntsu, ƙwallon yara biyu, da gara. Gara ba ta misaltuwa, ko a bakinsa. Ta cika hular, ta bi karin wuyan rigar da aka goge, ta gangara aljihu. Daga ƙarshe allon shagonsa, mai ɗauke da hoton kyankyaso a kwance ƙafa sama, ya saki ƙusa ya zo ya jingina da bayansa.

Babu wanda ya ji rauni, shi ya sa aka samu damar yin dariya da zuciya ɗaya. Wani direba sai da aka ba shi ruwa. Iya ta juya kujerarta sosai don kada wani abu ya wuce ta.

"Ɗan nan," ta ce da ƙura ta lafa, "ba kai nake ba wa feshin katakon nan ba?"

"Ni ne, Iya. Ga huɗu nan kin ji su."

"Na ji su, aikinka ya yi kyau. Wannan fa?"

Ya tofar da ƙasa. "Na ɗauka sun san ni."

"Sun san ka. Shi ya sa suka zo inda ba za a dame su ba."

Likita ya gyara murya. "To kin gani da idonki, Iya. Ginin ya ruɓe. A rushe kawai."

Tela ya dafe ƙirji. Anti ta fara lissafin kwalaben da za ta kwashe. Iya kuwa ta sa yatsa ta taɓa kuncinta na hagu.

"Likita, zo nan. Bara da turmina ya hana ni sakat, ban roƙe ka ka cire shi in huta ba?"

"Kin roƙa."

"Me ka ce min? Ka sa na buɗe baki, ka cika shi da auduga yadda ba zan iya ramawa ba, ka yi min wa'azi."

Likita ya dubi ƙasa. "Na ce ba a cire haƙorin da zai karɓi ciko."

"Sai me ake yi?"

"A ƙwaƙule inda ya ruɓe, a cike gurbin."

"To ga haƙori, an ƙwanƙwasa a gabanka. Huɗu garau. Ruɓar tana can ƙarshe." Ta nuna da haɓa. "Ƙwaƙule, ka cike da asibitinka."

Likita ya dubi inda ta nuna. Ya tsallake kwanon da ya faɗo ya leƙa shagon Malam Tamkar. Ya ga faɗinsa, ya ga ɗakin baya, ya ga taga da famfo. Aka ji yana cewa a ransa, amma a fili, nan masu jira, can kujera.

Sai a lokacin Malam Tamkar ya gane wane ne ruɓar.

"Iya, tsaya. Ai misali ne kawai. Gini ba haƙori ba ne."

Waɗanda suka san shi sun ce wannan ce jimla ta farko da suka taɓa ji daga bakinsa babu ado a jikinta.

"Kai ka kawo shi, ɗan nan," in ji Iya. "Mu kuma mun karɓa, har jelarsa. Miƙo min sandata."

Ba ta kore shi ba, don ta ce wanda ya tsare ginshiƙi huɗu bai cancanci titi ba. A ƙarshen layin akwai wani ɗan lungu mai ƙofar langa-langa inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Nan ta ba shi, da sharaɗin duk feshin da zai yi ya fara da ƙofarsa.

Kafin mako ya zagayo, labarin ya gyaru a bakinsa. Duk wanda ya zauna a bencinsa, wanda yanzu yake waje don ba ya shiga ciki, sai ya ji yadda misali ɗaya tak ya tsayar da rusau. Abin da ya fi ƙona ran maƙwabta shi ne gaskiya yake faɗa. Mai aski ya sauke allonsa, amma yana yi masa aski kyauta. Anti ta bar nata, don ta ce masu zuwa ɗaukar hoto sun fara saye.

Ranar da ya gama jera kaya, suka taru a ƙofar lungun yi masa murna. Matarsa ta kawo masa abinci ta tsaya a waje, saboda in tankin feshi yana ciki, mutum ɗaya ne ke iya shiga, shi ma a karkace.

"To, Malam," in ji tela, "yaya ka ga sabon wurin?"

Malam Tamkar ya leƙo da kai. Ya dubi rufin da ke taɓa hularsa, ya dubi bangon da ke taɓa kafaɗunsa biyu.

"Wurin nan," ya ce, "tamkar…"

Kowa ya jira. Ya tuna ramin ɓera, ya hango jelarsa. Ya tuna gidan tururuwa, ya hango tasa. Ya tuna kogon haƙori, ya ji ƙarar injin Likita ta bango, ya haɗiye.

"Ƙarami ne, Baban yara," in ji matarsa. "Ka ce ƙarami ne, ka karɓi abincinka."

Ya auna maganar, ya juya ta gaba da baya bai ga inda za a kama shi ba. Ya miƙo hannu ya karɓi kwanon.

"Tamkar ƙarami," ya ce.